Ayarin da ba shi da madugu



'Yan uwa, kun san ba kasafai nake maganar fim ba. Amma makon jiya wani ɗalibina ya matsa mini sai na kalli wani a kwamfutarsa, ya ce, "Malam, wannan huɗuba ce guda." Na kalla bayan Isha'i, kuma wallahi a daren ban yi barcin kirki ba.

Sunan fim ɗin Io Capitano, da Italiyanci ke nan, ma'anarsa ni ne kyaftin. Matteo Garrone, ɗan Italiya, shi ya ba da umarninsa. Ya fito a 2023, ya kuma ci kyautar gwanin ba da umarni a bikin finafinai na birnin Venis. Yawancin maganar cikinsa da Wolof ce da Faransanci.

Labarin wasu yara biyu ne 'yan Dakar, Seydou da ɗan uwansa Moussa, 'yan shekara 16. Ba yaƙi ne ya kore su ba, ba kuma yunwa ba. Gidansu na talakawa ne, amma ana dafawa ana ci, ana raha. Burinsu su je Turai su zama mawaƙa. Suka yi watanni suna leburanci a ɓoye suna tara kuɗi. Da Seydou ya ɗan taɓa wa mahaifiyarsa zancen, ta tashi masa tsaye, sai ya ce ai wasa yake yi. Suka je wajen wani mai duba, ya tura su maƙabarta neman izinin magabata, suka sulale ba sallama.

Suka ratsa Mali da fasfo na jabu, suka ba da cin hanci a kan iyaka, suka sauka Agadas. A nan aka loda su a bayan a-kori-kura aka nufi Libiya. Ana cikin gudu a rairayi wani mutum ya faɗo. Fasinjoji suna ihu, direba ko waiwaye bai yi ba. Can gaba aka sauke su, suka bi wani jagora a ƙasa. Wata baiwar Allah ta gaza, ta zube. Seydou kaɗai ya koma ya tallafe ta ya ba ta ruwa, ayari kuwa bai tsaya ba, dole ya bar ta ya bi sahu.

A Libiya aka raba shi da Moussa. Aka kai shi wani gidan azaba inda ake gallaza wa mutum sai ya ba da lambar wayar danginsa an nemi kuɗin fansa. Wani dattijo magini ya ja shi a jiki, aka sayar da su tare ga wani attajiri, suka yi masa gini har ya sallame su. A Tarabulus ya gano Moussa da harbin bindiga a ƙafa, ga shi ba halin zuwa asibiti. Kuɗinsu bai isa na jirgi ba. Sai dillali ya ce akwai mafita: Seydou ya tuƙa jirgin. Yaron da bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba, bai ma iya iyo ba, aka damƙa masa rayukan mutane maƙil, har da mace mai tsohon ciki. A tsakiyar teku ya yi ta buga wayar neman agaji ana ce masa ya jira. Da suka hango gaɓar Sisili, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kansu, sai ya ɗaga kai yana kuka yana shelar cewa shi ne kyaftin, kuma ba wanda ya mutu a hannunsa. A nan fim ya ƙare.

To ga tambayar da ta hana ni barci. Mutumin nan da ya faɗo daga mota, da matar nan da ta mutu a rairayi, alhakinsu yana wuyan wa?

Ku lura da yadda aka tsara hanyar. Mai duba zai ce shi albarka kawai ya sa. Mai buga fasfo zai ce takarda ya sayar. Ɗan sandan kan iyaka zai ce na goro ya karɓa. Direba zai ce idan ya tsaya 'yan fashi ko sojoji za su cim masa, sauran fasinjoji su halaka. Jagora zai ce ba a jiran mutum ɗaya a kashe talatin. Masu gadin tekun Turai za su ce jirgin bai shigo ruwansu ba tukuna. Kowa ya yanki ɗan guntun aikin ya ci kuɗinsa, ya miƙa yaran ga na gaba. Idan rai ya salwanta, sai ka nemi wanda ya kashe ka rasa.

Kakanninmu sun san tafiyar hamada da ta kurmi. Sun je Gwanja fataucin goro, ayarin gishiri ya yi ta zirga-zirga tsakanin Bilma da Agadas da Kano. Amma kowane ayari yana da madugu, shi ya sa ake ce masa uban tafiya. Shi ke sanin rijiyoyi, shi ke sasantawa da masu gari, idan wani ya ɓata shi za a tambaya a gida. Ba ina wanke wancan zamani ba ne, domin ta waɗannan hanyoyi na hamada aka kora bayi zuwa Fezzan da Tarabulus, kuma wannan tabo ne a tarihinmu. Abin da nake nufi, fatake sun san wanda zai amsa tambaya. Ayarin yau an gina shi ne musamman don kada a samu mai amsawa. A duk tsawon fim ɗin, daga Dakar har Sisili, mutum ɗaya ne ya buɗe baki ya ce ni ne, kuma shi ne mafi ƙanƙanta, mafi rashin ƙarfi a cikinsu.

Abin da fim bai nuna ba shi ne abin da ke biyo bayan wannan shela. Dokar Italiya tana kama wanda aka samu a kan sitiyari a matsayin mai fasa-ƙwaurin mutane. Ɗaya daga cikin labaran gaskiya da aka gina fim ɗin a kansu na wani yaro ne ɗan Gini, mai shekara 15, da ya tuƙa jirgi ɗauke da mutum wajen 250, ya kai su lafiya, aka jefa shi kurkuku. Mai jirgin yana Libiya yana lissafin kuɗinsa.

Mu koma ga abin da muka karanta. Malaman fiƙihu sun bambance wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya jawo sababi, amma ba su ce na biyun ya tsira ba. Wanda ya haƙa rami a kan hanyar mutane, ko yana gida yana barci lokacin da aka faɗa, akwai lamuni a kansa. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya zartar da ƙisasi a kan gungun mutanen da suka taru suka kashe mutum ɗaya a San'a'a, bai ce a raba jinin kashi-kashi kowa ya ɗauki ɗan kaɗan ba. Alhaki ba naman watanda ba ne da yawan masu shiga ke rage kason kowa. Kowa yana ɗauke da nasa cikakke, gwargwadon abin da ya sani da abin da yake da iko a kai. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ke da ikon ceton rai daga halaka ya ƙi, ko ya hana rarar ruwansa ga mai mutuwa da ƙishi, shi ma akwai lamuni a kansa. Wannan ma'auni ya hau kan direban da ya ƙi taka birki, ya kuma hau kan ƙasar da ke da jiragen ceto ta tsaya gardamar iyakar ruwa. Seydou da ya bar matar nan bayan ya yi iya ƙoƙarinsa, ban ga laifi a kansa ba, domin Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Kada wani ya ce ai wannan fim ne, kuma labarin 'yan Senegal ne. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7, yawancinsu daga yankin Kance a jihar Damagaram. Hausa suke ji kamar ni da kai. A watan nan dai, ranar 3 ga Oktoba, sama da mutum 360 suka nutse kusa da tsibirin Lamfedusa. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna hoton gwanjon 'yan Afirka a Libiya, ana taya mutum dala 400. Wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, hadisi ya tabbata cewa Allah da kanSa ne abokin shari'arsa ranar ƙiyama. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga sama da mutum 25,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum daga 2014. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobi suka riƙa kauce wa sanannun hanyoyi da rijiyoyi don gudun kamu, haɗari ya ƙaru. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Da doka da babu doka, hamada ba ta daina cin mutane ba.

Na san abin da wasu matasa za su rubuto mini. "Malam, kai kana da abin yi. Mu fa? Wane ya je ya dawo ya gina wa uwarsa gida." Gaskiyarku, kuma ban ce fita neman halal laifi ba ce. Sahabbai ma sun hau jirgin ruwa zuwa Habasha. Ban kuma wanke shugabannin da suka mai da ƙasa wurin da saurayi mai sana'a ke ganin gara teku ba, ko ƙasashen da ke buɗe ƙofa ga ma'adinanmu su rufe ta ga 'ya'yanmu. Nasu kason yana nan yana jiransu. Amma malamai sun halatta hawa teku ne idan mafi rinjayen zato shi ne tsira. Wanda ya dawo ya gina gida kana ganinsa kullum a unguwa. Wanda ya faɗo daga mota ba ya dawowa ya ba ka nasa labarin, sai lissafinka ya zama na ɓangare ɗaya. Kuma tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi. Miƙa wuyanka ga mutumin da ka san ba zai tsaya ba idan ka faɗo, wannan ba ɗaure raƙumi ba ne.

Yanzu bari in faɗi nawa, don shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Shekara biyu da suka wuce wani saurayi da ke salla a bayana, mai aikin walda, ya tsaya bayan Asuba ya ce, "Malam, a sa ni a addu'a, zan ɗan haura arewa neman kuɗi." Na san abin da arewa ke nufi a bakinsa. Ban tambaye shi wa zai kai shi ba, ban tambaye shi ko mahaifiyarsa ta sani ba. Na ɗaga hannu na yi addu'a, muka shafa, har da 'yar sadakarsa na karɓa. Ya kira gida daga Agadas, ya sake kira daga Sabha. Daga nan sai wata baƙuwar murya ta kira tana neman kuɗi. Tsohuwar ta sayar da awakinta, muka yi karo-karo a masallaci aka tura. Tun daga ranar shiru.

Watannin baya matarsa ta zo da goyo a bayanta, ta durƙusa ta ce, "Malam, mene ne hukuncin aurena?" Na buɗe mata babin wanda ya ɓace: ta kai magana gaban alƙali, a yi cigiya, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Bakina yana karanto hukunci, zuciyata tana tambayata ina wannan ilimi yake a safiyar da mijinta ya tsaya a gabana. Da na ga mai duban nan a fim yana sallamar yara da albarka, kaina na gani. Rawani ne kawai ya bambanta mu.

Ban ce da na yi magana da ya fasa ba. Wataƙila da ya tafi duk da haka. Amma da na sauke nawa nauyin, yanzu kuwa yana wuyana.

Saboda haka ga abin da na ɗaukar wa kaina, ina kuma roƙon 'yan uwana limamai da malaman zaure su duba. Duk wanda ya zo neman addu'ar irin wannan tafiya, sai mun zauna tukuna. Wa zai kai ka? Da wace takarda? Iyayenka sun yarda? Me ka bar wa iyalinka? Ka san abin da ke Sabha? Idan ya dage, zan roƙa masa kariyar Allah, amma ba zan bari ya tashi yana zaton na sa wa tafiyar hannu ba, kuma ba zan karɓi sisinsa ba.

Iyaye, ku ma a yi hattara da gori. Yawan cewa ɗan wane ya turo kaza yana iya tura yaro hamada ba tare da an ce masa tafi ba. Masu kai mutane da masu haɗa su da dillalai a karɓi kamasho, ku sani duk wanda kuka miƙa amana ce, kuma za a tambaye ku inda kuka ajiye ta. Masu hali a cikinmu, kuɗin da muke haɗawa cikin kwana biyu idan an ce fansa, da mun haɗa rabinsa tun farko mun saya wa yaro injin walda ko keken ɗinki, da wasu ba su tafi ba.

Tsohuwar nan har yau takan aiko jikarta ranar Juma'a ta ce a tuna da ɗanta a addu'a. Ku taya mu. Allah Ya bayyana shi, Ya kuɓutar da duk wanda ke tsare a hannun azzalumai, Ya jiƙan waɗanda hamada da teku suka binne ba salla ba likkafani, Ya yafe mana shirun da muka yi a inda ya kamata mu yi magana.

Wallahu a'alam.