Bashin Ƙuri'a: Tunani a Kan Zaɓen Magajin Gari a Ƙasar Dakoro

Hausawa na cewa, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wannan karin magana ya dace da sha'anin mulki, domin babu mai hawa kujera ba tare da wani ya ɗora shi ba, kuma wanda ya ɗora shi, shi ne ke bin sa bashi. Idan an naɗa mutum daga sama, bashinsa na wanda ya sa hannu a takardar naɗi ne. Idan kuwa an zaɓe shi, bashinsa na jama'ar da suka tsaya layi cikin rana ne. Abin tambaya shi ne: shin wannan bashi ya tsaya ga waɗanda suka jefa masa ƙuri'a kaɗai, ko ya haɗa har da waɗanda suka ƙi shi, da waɗanda ma ba su nan ranar zaɓe?

A ranar 27 ga Nuwamba 2024, ƙasar Indonesiya ta zaɓi gwamnoni 37 tare da shugabannin gundumomi da magadan gari fiye da 500, duka a yini guda. Tun 2005 jama'ar wannan ƙasa ke zaɓen shugabannin yankunansu kai tsaye, kuma da majalisa ta nemi karɓe musu wannan dama a 2014, ƙorafin mutane ya sa aka maido da ita. A shekarar ta 2024 kuma, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci cewa gwamnoni ba su da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi su naɗa kantomomi. Nijar kuwa wata hanya ta ɗauka. A watan Afrilu 2024, hukumomin soja da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 sun rushe majalisun kwamin-kwamin da na jihohi, suka danƙa ragama ga kantomomi. Ƙasashe uku, shekara ɗaya, ana juya magana ɗaya: wa ya cancanci ya ɗora shugaban da ya fi kusa da talaka?

Nijar ba ta samu wannan zaɓe da sauƙi ba. Alkawarin rarraba iko ga yankuna na cikin yarjejeniyar sulhu ta 1995 da aka ƙulla da ƴan tawayen arewa. Zaɓen da aka yi a Fabrairu 1999 ya ƙare da rikici, aka soke sakamako a wurare da dama. Sai a ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli a kwamin 265, su kuma suka fitar da magajin gari daga cikinsu. An sake yi a Janairu 2011, sa'an nan a ranar 13 ga Disamba 2020. Gwamna da perfe dai naɗa su ake yi daga Yamai, sarakunan gargajiya kuma, kafin a rushe majalisun a 2024, sun kasance suna zama a majalisar kwamin don ba da shawara, ba su jefa ƙuri'a.

A ƙasar Dakoro ne nauyin wannan tambaya ke fitowa fili. Nan ne gona ke ƙarewa, makiyaya ta fara. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma kwarin Tarka ne jama'a suka sani a matsayin wannan iyaka, sai dai yawan mutane da gajiyar ƙasa sun tura gonaki sun haye ta tun tuni. Manomi Bahaushe, da Bafillace, da Ba'abzine, dukansu suna shan rijiya guda, suna cin kasuwa guda. Aikin magajin gari a irin su Kornaka, Birnin Lalle, Ajekoriya ko Azagor ba na dogon jawabi ba ne. Shi ne harajin kasuwar dabbobi, da takardar haihuwa, da gyaran rijiya, da shugabancin kwamitin filaye na kwamin, wanda dokar karkara ta 1993 ta share wa hanya. A gabansa ake kawo ƙarar burtalin da aka nome, da gonar da shanu suka shiga kafin a kwashe amfani.

To, a nan gizo ke saƙar. Manomi mazauni ne. Sunansa na cikin rajista, rumfar zaɓe na bakin ƙofarsa. Makiyayi kuwa ruwa da ciyawa ke tsara masa kwanaki. Zaɓen Yuli ya faɗo cikin damina, lokacin da garke ke can arewa. Zaɓen Disamba da na Janairu sun zo bayan girbi, lokacin da samari da yawa suka tafi cin rani. Magajin garin da ya iya lissafi ya san inda ƙuri'a take, ya san inda babu ita. Idan burtali ya ratsa gonar mutumin da ke da gida mai ƙuri'a talatin, mai shanun kuwa baƙo ne da zai wuce gobe, ina ne zuciya za ta karkata? Jihar Maraɗi ta san abin da irin wannan rigima ke haifarwa in an bar ta ta ruru: a Toda, cikin Oktoba 1991, an kashe mutane fiye da ɗari, akasarinsu mata da yaran Fulani.

Masu goyon bayan naɗi suna kafa hujja da wannan, kuma hujjarsu ba abin yasarwa ba ce. Suna cewa kantoma baƙo ne, ba shi da gona, ba shi da garke, ba ya neman ƙuri'ar kowa, saboda haka zai iya raba gardama ba sani ba sabo. Suna ƙarawa da cewa zaɓe ya raba zumunci, ya shigo da rabon atamfa da sabulu da kuɗin goro, ya mai da kujerar kansila abin ciniki. Duk wanda ya ga yadda ake zawarcin kansiloli a jajibirin zaɓen magajin gari, ko yadda ake haɗa kai a tsige shi don saɓanin jam'iyya, ba zai ce ƙarya suke yi ba.

Amma akwai abin da wannan hujja ta tsallake. Kantoma nagari sa'a ce, kuma sa'a ba tsari ba ce. In ya yi adalci, jama'a sun gode. In ya yi zalunci, ba su da abin yi sai jiran ranar da za a canza masa wurin aiki. Zaɓaɓɓe kuwa ɗan gari ne. A masallacin garin yake salla, a maƙabartar garin iyayensa ke kwance, kuma in wa'adinsa ya cika, cikin mutanen nan zai koma ya zauna. Kunya tana da hanyar isa gare shi, ƙuri'a ma haka. Zaɓe bai yi alkawarin fitar da mafi nagarta ba. Abin da ya tanada shi ne hanyar gyara kuskure ba tare da zub da jini ba. Wanda aka hana shi yin kuskure da hannunsa, an hana shi koyon gyara.

Saboda haka maganin son kan rinjaye ba ƙwace ƙuri'a ba ne, fahimtar ma'anarta ne. Ƙuri'a tana nuna wanda zai riƙe amana, ba ta nuna masu amanar ba. Masu amanar su ne duk wanda rayuwarsa ta rataya ga rijiyar, da kasuwar, da burtalin: wanda ya zaɓa, da wanda ya ƙi, da wanda ke can daji bayan shanunsa, da yaron da bai kai shekarun zaɓe ba. Makiyayi ya fi kowa sanin wannan. Idan aka ba shi kiwo, ba ya shayar da shanun mai biyansa da kyau ya bar na matalauci da ƙishirwa, domin a gurbi guda suke kwana, cutar da ta kama ɗaya kuma ba ta tambayar mai ita.

Wannan fahimta ba a rumfar zaɓe ake samun ta ba. A aji ake shuka ta, da zauren ƙungiya, da dandalin wasan kwaikwayo, da gidajen rediyon karkara. Malamin da ya bar ɗalibai suka zaɓi shugaban aji, sa'an nan ya nuna wa wanda ya ci cewa waɗanda suka ƙi shi ma suna da haƙƙi a kansa, ya koyar da abin da babu dokar da za ta iya dasawa. Haka ƙungiyar da ke sauya shugabanninta a kan lokaci, tana karanta lissafin kuɗinta a bainar mambobi.

Duk ranar da aka sake girka akwati a Dakoro, za a ƙirga ƙuri'u a faɗi wanda ya yi rinjaye kafin gari ya waye. Amma sanin ko ya biya bashinsa, sai bazara ta yi tsanani, garke ya iso bakin rijiya, mai shi kuwa ba ya cikin rajistar kowa.