WUTAR DA KE ƊUMAMA GIDA: Wa'azin Idin Iyali Mai Tsarki ga Jama'ar Allah na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa



A ranar Lahadin da ke bin Kirsimeti, Ikkilisiya takan yi Idin Iyali Mai Tsarki na Yesu, Maryamu da Yusufu. Paparoma Benedict na 15 ne ya shimfiɗa wannan idi ga dukan Ikkilisiya a shekarar 1921, kuma tun 1969 aka ajiye shi a cikin makon Kirsimeti. A ƙasarmu yakan zo a tsakiyar hunturu. An gama girbi, dawa da masara sun shiga rumbu, iskar gabas tana kaɗawa, hazo ya rufe duwatsu, leɓe ya bushe, ƙafa ta yi faso. Yaran da suka saba wasa a dandali har a kira su sau uku, yanzu da kansu suke shigowa ɗaki tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Sanyi yana yi mana aikin da wa'azi ya daɗe bai iya ba, wato tattara iyali wuri ɗaya. Tambayar da ke gabanmu ita ce, da Allah ya tattara mu, me muke yi da wannan taro?

Mu duba Littafi Mai Tsarki. A Luka 2:7 an gaya mana abin da Budurwa Maryamu ta fara yi bayan ta haifi Ɗanta: ta naɗe shi da zane, ta kwantar da shi a komin dabbobi. Mai halittar rana da wuta ya zama jariri wanda sai an lulluɓe shi. A Matiyu 2:13-15 kuma mun ga Yusufu ya tashi cikin dare, ya ɗauki yaron da uwarsa suka nufi Masar, domin sarki Hirudus yana neman ran yaron. Ku mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ba sai an fassara muku wannan aya ba. Da yawanku kun san nauyin yaro mai barci a kafaɗa, cikin duhu, ana sauri ba a magana. Iyali Mai Tsarki sun ɗanɗana sanyi, sun ɗanɗana gudun hijira. Tsarkinsu ya bayyana a cikin ƙananan ayyuka: zane, goyo, tashin dare, neman masauki. Ta wannan ƙofa mu ma za mu shiga.

Abu na farko shi ne jikin yaro, domin amana ce ta Allah. Ran ƙaramin yaro a hunturu yakan salwanta ta hanyoyin da ake iya tsarewa. Uwa tana ƙaunar 'ya'yanta, sai ta shigo da kaskon garwashi ɗaki, ta rufe ƙofa, ta toshe taga da tsumma don kada iska ta shiga. Garwashi kuwa idan yana ci a rufaffen wuri, yakan fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Mai shaƙarta yakan ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya, barci mai nauyi ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa. Yaro ne take fara kayarwa. Saboda haka a ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, a fitar da kasko waje kafin a kwanta, a bar 'yar kafar iska a buɗe. Wanda aka samu ya galabaita a irin wannan ɗaki, a fito da shi sarari nan da nan, a kai shi asibiti.

Haka kuma gobara. Ciyawa ta bushe, danga da jinka sun zama abincin wuta, iska kuma tana jiran tartsatsi ɗaya. Kada a bar mai rarrafe kusa da murhu ba babba a wurin. Kada a ajiye tukunyar ruwan zafi inda hannunsa zai kai. Kada a kwana da kyandir ko aci-bal-bal kusa da gidan sauro, kada kuma a ajiye galan ɗin fetur a ɗakin da ake kwana.

Sai tari da mura. Yawancinsu sukan wuce da kansu idan yaro yana samun nono, kunu mai ɗumi da sutura. Amma akwai ciwon huhu, wanda ake kira nimoniya, yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, hayaƙi da ƙura da yunwa kuma su buɗe masa ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da alamar da kowace uwa za ta iya dubawa a gida. Idan yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60. Ɗan wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, to numfashin ya yi sauri. Idan kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya kasa farkawa sosai, a tafi asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa. Mu yi addu'a muna tafe a hanya. Sabon jariri a sa masa hula, a manna shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a bar wankan asuba sai rana ta ɗaga.

Kada mu manta da allurar rigakafi. Ƙura da bushewar iska su ne ke share wa sanƙarau hanya, ƙyanda ma lokacinta ke nan. Dattawanmu suna tune da 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, akasari a nan Arewa. Allurar ƙyanda da ta sanƙarau ana yi wa yaro tun yana wata 9. Rigakafi ya fi magani, kuma Kirista ba ya gwada Ubangiji Allahnsa da ran ɗansa.

Abu na biyu naku ne, ku magidanta. A Bisharar Yohanna an ambaci wutar garwashi sau biyu. Ta farko tana sura 18, aya 18. Dare ne mai sanyi, bayi da dogarai sun hura wuta a farfajiyar babban firist, Bitrus ya tsaya cikinsu yana jin ɗumi, a bakin wannan wuta kuwa ya yi musun Ubangijinsa. Ta biyu tana sura 21, aya 9. Bayan tashinsa daga matattu, Yesu da kansa ya hura wuta a bakin teku, ya ɗora kifi, ga gurasa, ya ciyar da almajiransa da suka kwana suna wahala; a nan ne Bitrus ya furta ƙaunarsa sau uku, aka danƙa masa kiwon tumaki. Garwashin iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ya hura wutar, da waɗanda aka zauna da su.

To, ya kai maigida, a bakin wace wuta kake jin ɗumi? Akwai wutar majalisa da ta teburin mai shayi, akwai ta gidan burkutu, inda kuɗin waken suya da na auduga suke narkewa kamar man shanu a rana, alhali 'ya'ya huɗu suna jan zane ɗaya a gida. Hira da abokai ba zunubi ba ce. Amma mutumin da ya san farashin buhu a kasuwar Dandume da ta Sheme, bai kuwa san ɗansa ya kwana uku yana tari ba, ya tsaya inda Bitrus ya tsaya a daren farko. Kafin ka sayi sabuwar waya, ƙirga barguna. Kafin ka buɗe rumbu don hidimar biki, ƙirga watannin da suka rage zuwa sabon hatsi, gama mun sha ganin wanda ya sayar da araha da kaka ya dawo yana saye da tsada da damina. In kuwa cin rani zai kai ka Kano ko Kaduna ko Legas, ka zauna da matarka ku yi lissafi tare, ka bar mata abin cefane da kuɗin magani a hannunta, kada ta koma roƙon maƙwabta da yaro a baya.

Bulus Manzo ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har zuciyarsu ta karai. Hunturu lokacin gwajin haƙuri ne. Ɗaki ƙarami, yara sun yi yawa, wannan ya yi fitsarin kwance, wancan ya ƙi wanka, ƙaramin yana kuka tun asuba. Uwa ta tashi cikin duhu ta hura wuta, ta dama koko, hannunta ya tsage da wanki cikin ruwan sanyi. Maigida da ya ɗebo mata ruwa, ko ya riƙe yaro har ta sauke tukunya, girmansa bai ragu ba. Yusufu kafinta ne, bai kuma ji kunyar ɗaukar jariri ba. Yaron da ya jiƙa shimfiɗa, a canza masa tufa tukuna, faɗa ya biyo baya in ma akwai bukatarsa.

Abu na uku shi ne addu'ar gida. Majalisar Vatican ta Biyu, a 1964, ta kira iyali Ikkilisiyar cikin gida, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya ƙarfafa wannan koyarwa a wasiƙarsa ga iyalai ta 1994. A wurinmu wannan magana tana da nauyi na musamman. Ƙauyukanmu suna nesa da juna, Fada ba ya isa ko'ina kowace Lahadi, akwai kuma lokutan da hanya ta hana ko katikis fita. Ba mu manta da Fada Alphonsus Bello ba, wanda aka kashe a Malumfashi a watan Mayu na 2021. Inda Fada bai iso ba, uba da uwa su ne masu koyar da bangaskiya. Dogon daren hunturu kyauta ce domin wannan aiki. Bayan tuwo, a ajiye waya, a kashe rediyo. Kaka ta yi wa jikoki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, uba ya ba da labarin Yusufu da 'yan'uwansa ko na Dauda da Goliyat, uwa ta riƙe hannun ƙaramin ta koya masa alamar gicciye. A yi Rosari ko da gida ɗaya ne, kowane yaro ya ambaci wanda yake so a yi wa addu'a. Minti goma ya isa, in dai kullum ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A wannan zama kuma a saurari yara. A daren 11 ga Disamba 2020, cikin irin wannan sanyi, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka ratsa daji da su, sai ranar 17 ga wata aka sako su. Yaran da aka haifa a wajen wannan lokaci sun tashi suna jin manya suna raɗa, suna ganin ana tsorata da ƙarar babur. Wani yakan firgita cikin barci, wani ya daina magana, wani ya maƙale wa uwarsa. Kada a yi masa ba'a, kada a doke shi, kada kuma a riƙa baje labarin kisa a gabansa. A rungume shi, a gaya masa gaskiya daidai da shekarunsa, a sa masa albarka a goshi kafin ya kwanta.

Abu na ƙarshe shi ne ƙofar gida. A Fitowa 22:26-27 Allah ya umarci wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi zai lulluɓa ya kwana, ya kuma yi alkawarin jin kukan matalaucin. Yakubu ma, a sura 2 ta wasiƙarsa, ya nuna cewa yi wa mai jin sanyi fatan alheri da baki, ba tare da ba shi sutura ba, bangaskiya ce matacciya. A garuruwanmu akwai iyalan da suka bar ƙauyukansu da abin da ke jikinsu kaɗai, akwai gwauraye da marayu, akwai almajirai ƙanana masu kwana a zaure. Sanyi ba ya tambayar addinin yaro, mu ma kada mu tambaya. Ɗa na kowa ne. Tun da Paparoma Francis ya kafa Dayosis na Katsina a 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa a matsayin makiyayinmu na farko, babban cocinmu yana ɗauke da sunan Waliyyi Martin de Porres, mutumin birnin Lima a ƙasar Peru, wanda ya ƙare ransa yana jinyar marasa lafiya da ciyar da matalauta har rasuwarsa a 1639. Mu gaji halinsa. Ina roƙon kowane gida ya buɗe akwati a wannan mako: rigar sanyin da ta yi wa ɗanku kaɗan, tsohon bargo, mudun dawa. A kawo wa Zumuntar Mata Katolika da katikis na kowace majami'a, su da suka san gidajen da ke da bukata, su raba cikin sirri ba tare da kunyata kowa ba.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka danƙa Ɗanka a hannun Maryamu da Yusufu, ka tsare 'ya'yanmu daga sanyi, da gobara, da cuta, da mugun mutum. Ka ba iyaye haƙuri da abin rufin asiri, ka mai da waɗanda suka yi hijira gidajensu lafiya, ka juyo da zukatan masu zubar da jini, ka ba ƙasarmu zaman lafiya. Muna roƙo ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.