Dariya a Kan Aibin Gida: Ina Iyakarta?

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa ta mujallarmu ita ce, shin ya dace mutum ya yi dariya a kan aibin mutanen gida? Na san da yawa za su ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, domin tun muna yara aka hore mu da cewa asirin gida a gida yake kwana, kuma ɗan da ya yi wa ubansa dariya ya yi asarar tarbiyya. To, abin da ya jawo tambayar shi ne wani nau'in fim da ya yi tashe a Amurka da Turai, musamman daga shekarar 2000 zuwa yau, wanda ba shi da aiki sai nuna iyali cikin rikicinsu, ya kuma ba mai kallo dariya. Abin mamaki, mutum kan tashi daga kallon irinsa zuciyarsa ta yi taushi game da nasa dangin, maimakon ya raina su. Yaya aka yi haka? Nan ne gizo yake saƙa.

Wane irin fim ne?

Galibin waɗannan fina-finai ba a kashe musu kuɗi mai yawa, kuma sau da yawa a bukukuwan baje kolin fim suke fara fitowa kafin su shiga kasuwa. Babu jarumin da zai doke mutum goma, babu mugun da za a kashe a ƙarshe kowa ya huta. Abin da ke ciki shi ne uba da uwa da 'ya'ya da kaka, kowanne da bauɗaɗɗen halinsa, an haɗa su wuri guda an rufe ƙofa. Ban-dariya da ban-tausayi kuwa a cakuɗe suke, har mai kallo ya rasa wanne zai fara yi.

Alal misali, mu ɗauki The Royal Tenenbaums, wanda Wes Anderson ya shirya a 2001. Maigidan, Royal, wanda marigayi Gene Hackman ya fito a matsayinsa, lauya ne da aka hana aikin lauya. Shekara 22 rabonsa da zama da iyalinsa. Da kuɗinsa suka ƙare aka kore shi daga otal ɗin da yake zaune, ya kuma ji wani na neman auren matarsa, sai ya dawo gida ya ce yana da ciwon daji a ciki, kwanansa ya kusa ƙarewa. Ƙarya ce tsagwaronta. 'Ya'yansa uku kuwa duk masu baiwa ne tun suna ƙanana, amma kowanne ya girma da tabo. Chas, gwanin harkar kuɗi, uban ya taɓa yi masa sata, ga shi matarsa ta rasu a haɗarin jirgin sama, don haka ya zama matsoraci, yana tashin 'ya'yansa biyu cikin dare su gwada yadda za su tsere in gobara ta tashi. Margot, marubuciyar wasan kwaikwayo, 'yar riƙo ce, kuma uban bai taɓa gabatar da ita ga baƙo ba sai ya ambaci hakan. Richie kuma zakaran wasan tanis ne da ya watsar da wasan a tsakiyar fili.

Duk wanda ya ji wannan labari a baki zai ce ai na kuka ne. Amma in ka kalla, za ka ga kana dariya: ga babban mutum da 'ya'yansa sanye da jajayen kayan motsa jiki iri ɗaya kullum, ga tsohon da ke kwance wai yana jinya alhali yana cin abinci a ɓoye kamar mai lafiya.

Haka ma Little Miss Sunshine na 2006, wanda Jonathan Dayton da Valerie Faris suka shirya, ya kuma ci lambar Oscar guda 2. Iyali ne suka ɗauki hanya ta wajen mil 800 zuwa Kalifoniya cikin tsohuwar bas kirar Volkswagen, don kai yarinya 'yar shekara 7 gasar kyau ta yara. Uban yana koyar da mutane sirrin cin nasara a matakai 9, alhali shi kansa bai ci nasarar komai ba. Yayan yarinyar ya yi alkawarin ba zai yi magana ba sai ya zama matuƙin jirgin sama, sai a hanya ya gane idonsa ba ya bambance launi, burin ya rushe. Motar ta lalace, ba ta tashi sai an tura, kowa ya bi ta da gudu ya ɗane. Kakan ya rasu a hanya, suka saci gawarsa daga asibiti suka sa a bayan mota don kada su makara.

Hujjar masu suka

Kafin in faɗi ra'ayina, ya kamata in ba masu suka haƙƙinsu, domin hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa dariya ƙanwar raini ce. Ba su kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Thomas Hobbes, masanin falsafa na ƙasar Ingila, ya bayyana a 1651 cewa mutum kan yi dariya ne sa'ad da ya ga kansa ya ɗara wani, watau ya hangi naƙasar wani ya ji daɗin cewa ba tasa ba ce. Idan haka ne, to mai dariyar Royal yana jin daɗin faɗuwar dattijo ke nan, mai dariyar gawa a bayan mota kuwa ya wulaƙanta mamaci. Bugu da ƙari, in matashi ya saba ganin uba a matsayin abin dariya a majigi, me zai hana shi kallon nasa uban da wannan ido?

Akwai kuma suka ta biyu, wadda ta fi damuna. Fina-finan Wes Anderson musamman, komai a cikinsu tsaf yake, launi ya dace da launi, ɗaki kamar an zana shi da hannu. Ana tsoron kada wannan ƙawa ta mai da ciwo ado, ta sa mai kallo ya manta cewa uban da ya yi watsi da 'ya'yansa ya yi zalunci na gaske, ba abin da za a shafe da barkwanci ba ne.

Dariya iri biyu ce

Ni dai a ganina, Hobbes ya faɗi rabin gaskiya. Hausa ta bambance abin da shi ya haɗa. Muna da dariyar ƙeta, wadda ake yi wa wanda ya zame ya faɗi a kasuwa, mai yin ta yana tsaye daga nesa, ba ruwansa. Muna kuma da dariyar da 'yan ɗaki ɗaya ke yi in sun taru suna tuna halin mahaifinsu na faɗa ko na maƙo, dariyar da takan ƙare da "Allah sarki Baba". Ta farko daga waje take zuwa, ta biyu daga ciki. Mai ta farko yana cewa a ransa gara da ba ni ba ne, mai ta biyu yana cewa namu ne, haka muke.

Gwanintar waɗannan fina-finai ita ce suna shigar da mai kallo cikin gidan kafin su ba shi dariya. Ba ka dariyar Chas sai ka riga ka san abin da ya sa shi tsoro. A ƙarshen Little Miss Sunshine, yarinyar ta hau dandali ta yi wata rawa da kakanta ya koya mata, wadda sam ba ta dace da wurin ba. Masu gasa suka fusata, suka umarci uban ya sauko da ita. Mutumin da ya kwana ya tashi yana wa'azin cin nasara sai ya hau dandalin ya kama rawa tare da ita, sauran iyalin suka biyo baya. Sun zaɓi a yi musu dariya gaba ɗaya da a yi wa 'yarsu ita kaɗai. Mai kallo kuwa a lokacin yana gefensu, ba ya gefen alƙalan gasa. Ashe ko Bature ya san cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu. Al'adarmu ta ware wasu mutane ta ba su izinin wasa: jika da kaka, da taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji. Jika kan tsokani kakansa da tsufa da rowa, kaka ta kira jikanta miji marar cefane, kowa ya yi dariya, ba wanda ya ce an yi rashin kunya. Magabata sun gane cewa gidan da kunya ta rufe ko'ina yana bukatar taga, domin zo mu zauna, zo mu saɓa. Maganar da ba ta faɗuwa da fuska a murtuke, wasa kan ɗauke ta ya kai inda ake so ba tare da an zub da mutunci ba.

Rufin asiri ko ƙarya?

Fim ɗin da ya fi kusa da rayuwarmu a nan shi ne The Farewell na 2019, wanda Lulu Wang ta gina a kan abin da ya faru da kakarta. Likita ya gano tsohuwar tana da ciwon daji na huhu, dangi suka yanke shawarar kada a gaya mata. Don kowa ya samu damar yin ban-kwana, sai suka shirya bikin auren wani jikanta a birnin Changchun na ƙasar Sin. Jikarta Billi, wadda ta girma a Amurka, ta ga wannan cin amana ne. Baffanta ya nuna mata cewa a wurinsu ran mutum ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma dangi ne ya kamata su ɗauke wa majinyaci nauyin tsoro. Wane ne a cikinmu bai san irin wannan ba? Sau nawa akan aika wa na nesa cewa ya zo gida jikin wane ya yi tsanani, alhali an riga an yi jana'iza?

Abin da ya burge ni shi ne fim ɗin bai yanke hukunci ba. Ya bar mu muna dariyar tsohuwa tana ta kai da kawo a kan abincin biki, alhali kowa a wurin hawaye yake haɗiyewa. Dariyar ce ta ba mu damar riƙe abu biyu a lokaci guda: cewa ƙarya ake yi mata, kuma ƙauna ce ta sa. Da wa'azi aka yi mana, da dole mu zaɓi ɗaya mu yar da ɗaya.

Ina iyakar?

Kada a ɗauka ina nufin kowace dariya halal ce muddin an kira ta fasaha. Ina ganin ma'auni biyu ne. Na farko, kada dariya ta shafe laifi. A nan ne nake amsa suka ta biyu. Royal bai samu matarsa ba. Ƙaryarsa ta tonu aka kore shi, daga baya shi da kansa ya sa hannu a takardar saki don ta auri wanda take so. Abin da ya samu kaɗan ne: ya ceci jikokinsa daga haɗarin mota, Chas ya sauko daga fushinsa, kuma da ajali na gaske ya zo ta ciwon zuciya, wannan ɗan da ya fi kowa ƙin sa shi ne a gefensa. Shekarun nan 22 ba su dawo ba, fim ɗin kuma bai ce sun dawo ba. Na biyu, kada dariya ta tuɓe wa mutum rigar mutunci. In aka bar uba ba shi da komai sai wauta, an koma dariyar ƙeta ke nan, kuma masu suka sun yi gaskiya.

Kammalawa

Ya kai mai karatu, mu da muke jami'a muna cikin wani hali na musamman. Mun bar gida, mun karanta littattafai, idonmu ya fara ganin kurakuran waɗanda suka haife mu. Daga nan hanya kan rabu biyu. Wani ya runtse ido ya ce gidansu ba aibi, ya ci gaba da ɗaukar ciwon a ciki har ya sauke shi a kan nasa 'ya'yan. Wani kuma ya buɗe ido ya ga aibin, sai raini ya shiga, ya fara jin kunyar a gan shi da tsohonsa. Farin jinin waɗannan fina-finai, a fahimtata, shi ne suna nuna hanya ta uku: ka ga aibin sarai, ka kira shi da sunansa, har ka yi murmushi a kansa, amma ka ci gaba da tura motar tare da sauran 'yan gida.

Saboda haka amsata ga tambayar ita ce, ya dace, in mai dariyar ya yarda cewa shi ma ɗan gidan ne, kuma wata rana nasa 'ya'yan za su taru su tuna bauɗaɗɗen halinsa. Wanda bai shirya a yi masa ba, to ya kame bakinsa. Masu iya magana sun ce naka sai naka, daɗin zama sai bare. Ina fata marubutanmu na wasan kwaikwayo, musamman na wannan ƙungiya, za su duba wannan fage, domin gidajenmu cike suke da irin waɗannan labarai. Fili kuma a buɗe yake ga duk wanda ke da ja a kan abin da na faɗa.