Rabin Labari: Mawaƙi da Ƙwayoyin Gidajen Rawa

Tun zamanin da, masana ke muhawara a kan ko mawaƙi yana da alhaki game da abin da waƙarsa ta haifar. Aflatun, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, ya ga dacewar a nisanta wasu mawaƙa daga birnin da ya zayyana a littafinsa, don gudun kada su ɓata tarbiyyar matasa. Wannan tsohuwar tambaya ta sake tasowa a zamaninmu, sakamakon yadda wasu mawaƙan Amurka da Turai suke ƙawata ƙwayoyin da ake haɗiya a gidajen rawa.

Fitacciya daga cikin ƙwayoyin nan ita ce MDMA, wadda ake kira ekistasi ko moli. Kamfanin Merck na Jamus ne ya fara haɗa ta a 1912, sannan Amurka ta haramta ta a 1985. Duk da haka ba ta rasa masu yi mata kirari ba. A 2012 mawaƙiya Madonna ta sa wa faifanta suna MDNA, wanda harafi ɗaya kawai ya raba shi da sunan ƙwayar.

To, me take yi wa jiki? Takan sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin nishaɗi fiye da ƙima, mai shan ya ji kamar duniya duka masoyansa ne. Amma a lokaci guda takan ɗaga zafin jiki da bugun zuciya. In aka haɗa da rawar sa'o'i cikin cunkoso, zafin na iya lalata hanta da ƙoda. Wanda kuma ya ce bari ya kwankwaɗi ruwa don ya huce bai tsira ba, domin ƙwayar kan hana jiki fitar da ruwa, gishirin jini ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Haka wata budurwa 'yar shekara 18 ta rasu a Ingila a 1995, bayan ƙwaya ɗaya tak. A 2013 ma sai da aka soke ranar ƙarshe ta bikin kiɗa na Electric Zoo a Niyok, bayan mutuwar matasa biyu.

Haka batun yake ga ruwan kodin da mawaƙan gambarar zamani na jihar Teksas suka yayata. Kodin yana rage numfashi, balle in an haɗa shi da giya. Shi ne ya yi sanadin ajalin DJ Screw a 2000, yana kuma cikin abin da ya kashe Juice WRLD a 2019, yana ɗan shekara 21. Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne, tunda a 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka dulmiya cikinsa.

Masu kare mawaƙa suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Sukan ce mawaƙi madubi ne, abin da ya tarar a cikin al'umma shi yake nunawa, mai saurare kuwa yana da hankalinsa. Gaskiya ne. Ba waƙa ce ke sa wa mutum ƙwaya a baki ba, kuma rashin aiki da damuwa da miyagun abokai sun riga ta shiga gida.

Sai dai madubin kirki ba ya zaɓen abin da zai nuna. A nan ne, a ganina, laifin yake. Ambaton ƙwaya a waƙa ba aibu ba ne, don adabi bai taɓa ƙyamar duba ɓarna ba. Aibun shi ne a ba da rabin labari: a rera daren annashuwa, a yi shiru a kan safiyar asibiti. Wanda ya san zuma da zaƙi da harbi, ya kwatanta wa yaro zaƙin kaɗai, bai yi ƙarya da bakinsa ba, amma ya yaudare shi. Kuma gwargwadon nisan da murya ke kaiwa, gwargwadon nauyin da ke kan mai ita, domin magana zarar bunu ce.

Saboda haka ban bi Aflatun wajen korar mawaƙi ba, don hani sau da yawa kan ƙara wa abu farin jini. Abin da nake nema gare shi shi ne ya cika labarin. Mu kuwa ɗalibai da malaman adabi, aikinmu ne mu koyi tambayar kowace waƙa abin da ta ɓoye, kafin mu bi ta da amshi.