Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Idan aka ƙwace wa mutum sunan aikin alherin da ya yi, shirunsa nagarta ce ko taimaka wa azzalumi? Rayuwar Jeanne Jugan ce ta sa nake wannan tambaya.

An haife ta a 1792 a Cancale, ƙasar Faransa, 'yar masunci ce da teku ya cinye tun tana ƙarama. A hunturun 1839, a garin Saint-Servan, ta goyo wata tsohuwa makauniya zuwa ɗakinta, ta bar mata gadonta. Daga nan ƙungiyar 'Yan'uwa Mata Ƙanana na Matalauta ta samo asali. Da kwando take bi gida-gida tana roƙo don ciyar da tsofaffi.

A 1843 abokan aikinta suka sake zaɓenta shugaba, amma wani limamin coci, Auguste Le Pailleur, ya soke zaɓen, ya ɗora wata 'yar shekara 23. A 1852 ya hana ta fita roƙo, ya killace ta a gidan ƙungiyar. Shekara 27 ta yi cikin sababbin shiga da ba su san ita ce tushe ba, shi kuwa ana kiransa wanda ya kafa ƙungiyar. Ta rasu a 1879.

A aikinmu na rediyo kullum muna karanta sunayen masu ba da taimako, kuma nakan ga yadda mutum ke fusata idan aka tsallake nasa. Shi ya sa shirun Jeanne ke burge ni. Ta fifita tuwon tsofaffi a kan sunanta, kuma da ta ja rigima, wataƙila da gidajen sun watse.

Sai dai haƙƙinta kawai take da ikon yafewa. Waɗanda suka san gaskiya suka yi gum ba su da rabo a ladan haƙurinta, domin yin shiru a kan zaluncin da aka yi wa wani tsoro ne. Sai a 1890 fadar Fafaroma ta tsige Le Pailleur, kuma sai 11 ga Oktoba 2009 Fafaroma Benedict na 16 ya sanya ta cikin tsarkaka.

Mai karatu, idan kai aka zalunta, kana iya haƙura. Idan maƙwabcinka ne, kada ka jira shekara 130 kafin ka ba da shaida.