IDAN WADDA AKA YI WA ZAMAN MAKOKI TA YI SALLAMA

Yau da wata tambaya na zo muku, wadda ta hana ni sukuni kwana biyu, kuma wani littafin Turawa ne ya jawo min ita.

Ƙanwata da ke jami'a ce ta zo hutu da shi, irin na gwanjon nan da bangonsa ya sha hannu. Sunansa Generation Dead, wani Ba'amurke mai suna Daniel Waters ne ya rubuta shi, ya fito a 2008. Na tambaye ta labarin me ke ciki, ta ce, "Yaya, labarin matattu ne masu zuwa makaranta." Na ce a'uzubillahi, ke dai ba kya rabo da kwashe-kwashe. Na wurga shi kan durowa. Sai wani dare da yara suka yi barci da wuri, maigidan kuma ya yi tafiya, na jawo shi don rage dare. Turancina na sakandare ne, a hankali nake binsa, amma wallahi ban huta ba sai da na ga ƙarshensa.

Ni da ku mun san wanda ya mutu ya tafi ke nan, babu dawowa sai ranar tsayuwa. Shi ma marubucin ya sani. Almara ce, kamar yadda kura ke magana a tatsuniya kuma babu yaron da ke cewa an yi masa ƙarya. Irin waɗannan gawawwaki masu tafiya ana ce musu zombi. Sun bambanta da fatalwa, don su da jikinsu suke yawo, ana taɓa su. Daga ƙasar Haiti labarinsu ya shiga Amurka, sannan 'yan fim suka mai da su dodanni masu cin naman mutane, musamman tun daga fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead.

To na cikin wannan littafi ba sa cin kowa. Samari ne da 'yan mata 'yan sakandare a Amurka, wani ruwa ya ci shi, wani haɗarin mota, sai kawai a ga sun tashi, kuma babu likitan da ya san dalili. Zuciyarsu ba ta bugawa, jikinsu sanyi ƙalau, tafiyarsu da nauyi, maganarsu tana fita ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: su koma gida, su koma aji. Akwai wani yaro a cikinsu, Tommy Williams, da ya nace sai ya shiga ƙungiyar ƙwallon makarantarsu ta Oakvale, akwai kuma wata rayayyar yarinya, Phoebe, da ta ji zuciyarta ta karkata gare shi. Daga nan gari ya ɗau zafi.

Ni marubuciyar soyayya ce, amma ba soyayyar ce ta riƙe ni ba. Wata yarinya ce mai suna Colette, ƙawar Phoebe tun tana raye. Ruwa ya cinye ta a tafki, aka yi kuka aka share hawaye. Da ta dawo, iyayen da suka haife ta suka ƙi karɓarta, ƙawayenta biyu da suka fi kowa kukan rashinta suka kasa haɗa ido da ita. Ta koma zama a wani tsohon gida da ba kowa, tare da sauran yaran da aka kora irinta. Hukuma ma ba ta san da zamansu ba, tunda takarda ta ce sun mutu, don haka wanda ya hallaka ɗayansu doka ba ta ɗauke shi mai kisan kai ba.

Ga tambayar tawa ke nan. Yaya za a yi uwa ta yi birgima a ƙasa tana cewa da ma ita aka ɗauka aka bar 'yarta, sannan 'yar ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe mata ƙofa? Kukan ƙarya ta yi?

Da farko na ce ƙarya ne. Da na sake juya abin a raina sai na ga na yi mata gaggawar hukunci. Kukan gaskiya ne. Sai dai 'yar da take wa kuka mai dariya ce, mai ɗumin jiki, mai gudu ta faɗa mata a cinya. Wadda ta dawo kuwa da ƙyar take haɗa kalma uku, fuskarta ba ta motsi. Uwar ta roƙi a dawo mata da 'yarta yadda ta tafi, aka dawo da ita yadda wahala ta mai da ita. Ga kuma idon maƙwabta. Mai makoki kowa tausayinta yake ji, ana kawo mata kwanon abinci, ana zama da ita. Uwar zombi kuwa nuna ta za a dinga yi da baki. Ina jin da yawanmu, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, matsayin farko ya fi mana sauƙin ɗauka. Na fahimce ta, amma ban wanke ta ba, don Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a da suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Akwai wani abu da marubucin ya saka wanda ya burge ni, daga baya kuma ya dame ni. A cikin yaran nan da suka dawo, wasu sun fi wasu sakewa, sun fi saurin magana da tafiya. Da ka bincika sai ka ga galibi waɗanda aka rungume su a gida ne, kamar shi Tommy da mahaifiyarsa ta riƙe shi hannu bibbiyu. Waɗanda aka kora su ne ke daskarewa. Wannan kam ko a raye haka yake. Ku dubi yaron riƙo da ake hantara a gida, ku ga yadda bakinsa ke mutuwa, har a ce dolo ne, alhali tsawa ce ta dolantar da shi.

Abin da ya dame ni shi ne, mutanen garin sun fi sakin fuska ga wanda ya fi kama da su. Ke nan wanda ya samu gata a gida shi ne zai ƙara samu a waje, wanda aka yasar kuma a ƙara yasar da shi saboda alamar yasarwar da ke jikinsa. Akwai wata yarinya, Karen, kyakkyawa, wadda da wuya ka gane ba ta da rai. A littafi na uku, Passing Strange na 2010, har aiki ta samu a kanti a matsayin rayayya. Ana yi mata fara'a, ana hira da ita. Amma wa ake wa fara'ar? Ranar da kwalliyar ta goge fa? In sai na ɓoye abin da ya same ni za ki zauna tabarma ɗaya da ni, to da mayafina kike zumunci, ni kuwa ina ciki ina zufa ina tsoron iska.

Su ma masu kirkin cikin littafin ban ƙyale su ba. Sun hana a ce zombi, suka ƙirƙiro suna mai laushi, wai "masu rayuwa ta daban". Madalla da tausasa harshe. Sai dai canza suna ya fi gayyata cin abinci araha, kuma da yawa a sunan suka tsaya.

Kada kuma mu mai da masu tsoro azzalumai gaba ɗaya, don wani tsoron yana da tushe. Ƙanwata ta nuna min wani wasan talabijin na BBC, In the Flesh, da aka fara a 2013. A can, matattun da suka tashi sun yi ɓarna da gaske kafin a samo maganin da ke dawo musu da hankali. Aka mai da wani saurayi, Kieren, ƙauyensu a Ingila, da allurar da za a dinga yi masa kullum a ƙeya, da hodar rufe fatarsa, da ɗan gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido don ya yi kama da mutane. Ƙanwarsa kuma tana cikin 'yan sa-kan da suka yi farautar irinsa. Wa za ki ce ya yi haƙuri a gidan nan? Shi bai san abin da yake yi ba lokacin da ya yi, su kuma waɗanda aka kashe wa 'yan uwa ba mafarki suka yi ba. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, mai tsoro yana da haƙƙin a ba shi lokaci, a kuma ɗauki matakin da zai kwantar masa da hankali. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya mai da tsoronsa hukuncin ɗaurin rai da rai a kan wanda bai zaɓi abin da ya faɗa masa ba.

Ina wannan tunani sai gabana ya faɗi, don na tuna ba sai an je Amurka ba. A 2016 hukumar UNICEF da ƙungiyar International Alert sun fitar da rahoto kan mata da 'yan matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram a jihar Borno. An yi musu addu'a, an yi kukan rashinsu, wasu har an fid da rai. Da suka dawo, wasu da goyo, sai aka laƙaba musu "matan Boko Haram", wasu wuraren ma "annoba" ake ce musu. Akwai mazan da suka ƙi mai da matansu. Mutane na tsoro saboda an sha ɗaura wa 'yan mata bam a tura su cikin taro, wannan gaskiya ne. Amma yarinyar da aka sace tana shekara goma sha huɗu, wane zaɓi aka ba ta? Su kuwa jininsu na gudu, jikinsu da ɗumi, suna jin duk abin da ake faɗa a bakin rijiya.

Mugun cikin littafin, wani yaro Pete, shi ma da na san tarihinsa sai jikina ya yi sanyi. Yarinyar da yake so ce ta mutu, kuma ita ba ta dawo ba. Kullum ya ga ɗan wani ya tashi yana yawo, sai mikinsa ya dawo ɗanye. A ƙarshe ya ɗauko bindiga ya auna Phoebe, sai Adam, maƙwabcinta da ya daɗe yana sonta a ɓoye bai taɓa furtawa ba, ya tare harsashin da jikinsa. Ya mutu a gabanta, sannan ya buɗe ido. Ƙato ne ɗan ƙwallo da makaranta ke ji da shi jiya, yau ga shi cikin waɗanda ake tsallaka titi in an hango su.

Na tambayi ƙanwata yadda ta kaya tsakaninsu. Ta ce a littafi na biyu, Kiss of Life na 2009, Phoebe ce ke zaryar kula da shi, shi kuwa ko sunanta da ƙyar yake iya kamawa, har ta kai ita kanta ba ta san ko so ne ke kai ta ko nauyin bashin ransa ba. Na ce ta nemo min shi in za ta dawo hutun gaba, ko nawa ne zan biya.