Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Ba: Me Shugaba Zai Ɓoye Wa Ma'aikatansa?

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shugaban kamfanin da duk abin da ya ji a ɗakin taro sai ya fito ya fesa, ba zai daɗe a kujerarsa ba. Tattaunawar ciniki da ba ta nuna ba, rashin lafiyar wani ma'aikaci, sirrin haɗa kaya, duk waɗannan amana ne a wuyansa, riƙe su kuma wajibi ne. Sai dai akwai shirun da ke kare kamfani, akwai kuma wanda ke cutar da masu yi masa aiki. Ina iyakar take?

Mu dubi abin da ya faru da Enron, katafaren kamfanin makamashi na birnin Houston a Amurka. A watan Satumba na 2001 shugabansa, Kenneth Lay, ya shaida wa ma'aikata cewa kamfanin na nan daram, ya ƙarfafa musu gwiwa su ƙara sayen hannun jari, alhali shi yana ta sayar da nasa. Ranar 2 ga Disamba kamfanin ya bayyana karyewarsa. Hannun jarin da ya kai kusan dala 90 a shekarar 2000 ya koma ƙasa da dala ɗaya. Dubban ma'aikata suka rasa aiki, da yawansu kuma suka rasa kuɗin fanshon da suka zuba a hannun jarin. Laifin Lay ya wuce yin shiru. Ya san kwale-kwalen na yoyo, ya nemi tudu, ya ce wa sauran su gyara zama.

Wani zai ce, ai faɗar gaskiya ma na iya kashe kamfani. Da zarar an ji akwai matsala, ƙwararru za su watse, banki zai matsa, masu kawo kaya su ce sai kuɗi hannu. Wannan hujja ba ta banza ba ce. Amma ta ginu ne a kan zaton cewa ma'aikaci yaro ne da ba ya iya ɗaukar labari mai nauyi. A 1983 Jack Stack da abokan aikinsa suka sayi wata masana'antar gyaran injina a Springfield ta jihar Missouri daga hannun International Harvester, da bashi mai yawa a kansu. Maimakon ɓoyewa, suka buɗe wa ma'aikata littattafan kuɗi, suka koya musu karanta riba da asara. Masana'antar ta tsira, ta kuma bunƙasa. Wanda ya san inda ake yoyo ya fi saurin ɗauko ƙwaryar kwalfewa.

A ganina tambayoyi biyu sun isa shugaba ya auna kansa. Ta farko: in da ma'aikacin nan ya san abin da na sani, zai canja shawara a kan rayuwarsa? Zai fasa cin bashin gina ɗaki, ko ya karɓi aikin da aka yi masa tayi a wani wuri? Ta biyu: ina cin moriyar rashin saninsa? Idan amsar duka biyun e ce, to wannan shiru ha'inci ne, ko da an sa masa sunan dabarar shugabanci.

A kasuwarmu ma haka ƙa'idar take. Wanda ya sayar da saniya ya ɓoye aibinta, fiƙihu ya ba mai saye damar mayar masa da abarsa. Shi kuwa ma'aikaci shekarunsa ya sayar wa kamfani, kuma babu alƙalin da zai iya dawo masa da su. Don haka haƙƙinsa na sani ya fi na mai sayen saniya ƙarfi.

Ba a ce shugaba ya zazzage cikinsa kullum ba. Yana iya cewa, "Akwai maganar da ba zan faɗa yanzu ba, ga dalili, ga ranar da za ku ji." Wannan ma gaskiya ce, kuma mutane na iya haƙuri da ita. Amma idan ya san albashin watan gobe ba zai samu ba, ya faɗa yau, tun kafin direban kamfani ya je ya yi wa mai gidan haya alkawarin ƙarshen wata.